Kaset ɗin da Saudatu Ba Ta Ji Ba

Ranar da Tanko mai goro ya sauka daga Abijan da kaset a aljihu, yayata Saudatu tana da kwana arba'in ba ta ji muryar kowa ba.

Ni ce Hasana, ƙanwarta, shekara biyu ta ba ni. Yanzu jikokina waya suke latsawa su ga fuskar wanda ke Abijan, in na ce musu mu da kaset munka yi soyayya sai su kama dariya. Su yi ta dariyarsu. Ba su san abin da ake kira jira ba.

A garinmu Deule ta wancan zamani, da an gama kaka maza sun watse bida, wato ci-rani, sai tsofaffi da mu mata. Cikin samarinmu ba kowa ya yi lakwal ya iya karatun boko ba, to wa zai rubuta wasiƙa? Mutum ya sayi kaset, ya zauna gaban manyeto, wato rakoda, ya zuba maganarsa, ya ba mai zuwa gida. A nan a shimfiɗa tabarma, a sa pil sababbi, batir ke nan, gida duk a taru a saurari gaisuwa tun daga kan tsoho har jinjiri. Na budurwa kuwa daban ake miƙa mata, ta ja ƙanwarta su koma bayan rumbu. Allah sarki, daɗin wannan zaman har yau ban ga irinsa ba.

Attahiru ɗan Inna Rabi shi ne na Saudatu. Agogo yake sayarwa a Abijan. An kai goro, an sa biki sai bayan kaka mai zuwa. Duk garin an san abin da ya ja shi: muryarta. Ita ke ba da waƙa a dandalin Samariya, mu muna amsawa, shi kuwa ya tsaya can gefe kamar an dasa shi.

Sai sanƙarau ya shigo gari a tsakiyar rani.

Da la'asar munka dawo daga rijiya, ta ce kanta zai tsage. Kafin magariba jiki ya yi zafi rau, wuya ya sandare, ko hasken fitila ba ta son gani. Da gari ya waye ba ta san mu ba. Baba ya kwantar da ita a amalanken jaki munka nufi Buza, ina riƙe da kanta a cinyata. A bayan dispanser, ɗan asibitin garin, an kakkafa rumfunan zana, duk masu irin ciwon ne a kwance. Majo, babban malamin asibitin, ya lanƙwasa ta ya ɗebi ruwan bayanta, ya ɗaga shi ga rana, fari kamar ruwan tsari. Ya yi mata wata allura mai kauri kamar mai. Da yawa daga cikin waɗanda munka tarar a rumfunan nan ba su koma gida ba.

Rana ta shida ta buɗe ido. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta ce, "Mi ya sa kuke motsa baki ba ku magana?"

Majo ya tafa hannu bayan kanta, ba ta ko ƙifta ba. Ya ja Baba gefe ya ce ciwon ya ci jijiyar kunne, ba ya tsammanin jin zai dawo, mu gode Allah da ya bar ta da rai da hankalinta.

Daga ranar na zama kunnenta. Ita tana magana da baki, ko da yake wani lokaci murya ta yi sama, wani lokaci ta nutse. Ni kuwa da hannu nake ba ta amsa. Kowa munka yi masa alama. In na shafa haɓa, Baba ke nan. In na taɓa wuyan hannu wurin ɗaura agogo, Attahiru. Duk abin da aka faɗa a gidan nan, ta hannuna yake bi kafin ya kai gare ta.

Attahiru kam ba wanda ya gaya masa. Inna Rabi ta hana, wai kada a tayar masa da hankali a ƙasar mutane.

Wata safiya sai ga ta a zauren Baba. Na kawo ruwa, na maƙale bayan zana, don ni ban taɓa iya barin magana ta wuce ni ba.

"Malam Mahaman," ta ce, "ba ƙin ɗiyarka nika yi ba. Ni na yi mata wankan jariri. Amma ka duba mani, in ta haihu jinjiri ya yi kuka, wa za shi ji? In ya rarrafa wajen murhu, wa za shi ji? Ni na rasa ɗa da kunnuwana biyu garau, na san yadda abin shike."

"To mi kika so a yi?" in ji Baba.

"Goro ya shigo gidanga, kada shi hita. Ga Hasana nan."



Ta ci gaba da cewa Saudatu ma ba za ta rasa miji ba. Barmo mai albasa na Sabon Gida, wanda matarsa ta rasu bara, ya ce yana so. Barmon nan na san shi. Shi ne ya ce a kasuwa wai mace marar ji ta fi daɗin zama, ba ta gardama. Alamar da munka yi masa ita ce share hawaye, saboda albasa.

Baba ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce, "Ni ba ni ɗauke goro daga kan mai ciwo. In ita da kanta ta ce ta haƙura, shi ke nan. In ba ta ce ba, magana tana nan inda take."

To a makon nan ne Tanko ya iso. Ga Inna Rabi ya kai saƙo, ita kuma ta aika na zo. Attahiru ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta zauna sauraren hirarsa da budurwa. Ba ta sa kaset ɗin ba. Ta miƙo mani shi tare da manyeto, ta riƙe hannuna.

"Ke ta kunnenta," ta ce. "Abin da kinka nuna mata, shi za ta ɗauka. Ki ce ya ji labari, ya ce ta yi haƙuri."

"Inna, in ba haka ya ce ba hwa?"

"Bai sani ba na. Ran da ya sani haka za shi ce. Gara ta ji yanzu da ta ji ranar da ya tsaya gabanta ya kasa. Rahama ta za ki yi mata, ɗiyata. Kuma kada ki yi mani ƙarya, na ga yadda kika kallon yaron nan."

Na sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa. Ina son Attahiru tun kafin ya san akwai wata Saudatu, tun ranar da guga ta ƙwace mani a rijiya ya shiga ya ciro mani ita. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauki manyeto na fito.

Da azahar ta wuce munka zauna inuwar rumbu. Da Saudatu ta ga kaset ɗin sai ta rungume shi, ta shinshina, ta miƙo mani. Na sa, na danna.

"Assalamu alaikum, Saudatu."

Wayyo. Muryar nan ta fito kamar yana zaune tsakaninmu. Ya gaishe ta, ya gaishe da Baba, ya gaishe ni. Ya ce ya ji ana ciwo a gida, kwana uku bai iya cin abinci ba sai da wani ya ce masa ya ga Baba a kasuwar Buza bai ga alamar rashi gare shi ba. Ya ba ta labarin ruwan saman da ba ya ƙarewa a can, da teku, da wani zane mai zanen tsuntsu da ya ajiye mata a ƙasan akwati. Yana magana ana jin ƙarar motoci a bayansa.

Saudatu ta ɗora tafin hannunta a kan ragar da murya ke fita, tana jin tsumar ta. Idonta a kaina.

"Mi ya ce?"

Na taɓa wuyan hannuna. Na taɓa kunne. Na nuna ya ji labari.

"To?"

Allah ya yafe mani. Na haɗa yatsa biyu na raba su. Na ɗora hannu a ƙirji, alamar haƙuri.

Ba ta yi kuka ba. Ta sauke ido kan manyeto, tana kallon zaren kaset yana juyawa ta 'yar tagar nan. Na kai hannu zan kashe, ta buge hannuna. Haka munka zauna, yana ta gaya mata irin ɗakin da zai gina, ni ina ji, ita tana kallon zare, har gefen ya ƙare maɓalli ya yi tsalle.

Ta ciro kaset ɗin da kanta, ta juya shi, ta danna.

Gefe na biyu ma cike yake. Can wajen ƙarshe ya ce, "Abu guda nika roƙo. In za ki maido amsa, ki yi mani waƙar nan ta dandali, ta mai tulu. Kullum ina jin ta cikin kaina, amma ta fara ɓace mani."

A nan hawaye sunka ƙwace mani.

Da maɓalli ya sake tsalle, Saudatu ta ɗauke hannunta ta dube ni sosai.

"Hasana, kaset nawa anka aiko garinga muna ji?"

Na kau da kai, ta juyo da fuskata ta ci gaba.

"Kin tuna na mijin Fatima, da ya sake ta? Ko tulu ba a cika ba ya gama. Mai barin mace ba ya ɓata pil. Wanga ya cika gefe biyu. Kuma sau uku ya yi dariya, na ji ta a tafin hannuna. Kunne na rasa, ƙanwata, ba hankali ba."

Na faɗa kan cinyarta ina kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗago fuskata da hannu biyu.

"Wa ya sa ki?"

Na yi alamar Inna Rabi.

"Ita kaɗai?"

Na girgiza kai. Na nuna ƙirjina.

"Kina son shi."

Na ɗaga kai alamar e.

"Na sani," ta ce, hawayenta na zuba. "Tun ranar guga na sani. Na yi shiru don ina tsoron in na tambaye ki, in kinka ce e, ban san yadda za ni yi ba. Amma Hasana, duk duniyar nan ƙofa guda ta rage mani, ke ta. In ke ma kina yi mani ƙarya, gara da Majo ya bar ni na tahi."

Na kama ƙafafunta. Ban san alamar neman gafara ba, ba mu taɓa bukatarta ba sai ranar.

"Tashi," ta ce. "Maido shi farko. Ki hwaɗa mani duka, kada ki bar ko tari."

Sai da rana ta yi ja muna wurin. Na nuna mata teku, na nuna mata zane mai tsuntsu, na nuna kwana uku bai ci ba. Tana dariya tana kuka. Da munka zo kan waƙa na tsaya, ta ce na ci gaba. Na nuna. Ta dube ni.

"Bai sani ba ke nan."

Na girgiza kai.

"To ni za ni gaya mashi, da bakina. In ya ji ya ce ke shika so, wallahi ni za ni sa maki lalle. Amma shi za shi hwaɗi, ba uwatai ba."

Ba mu da kaset sabo. Ta ce a ɗauka a kan gefe na biyu. Na nuna mata muryarsa za ta goge. Ta ce, "Ni mi za ta yi mani?"

Washegari da hantsi munka ɗauka. Ta ba ni hannunta, ta ce in murya ta yi sama na matsa, in ta nutse na ja. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ta ce, "Attahiru, sanƙarau ya kama ni. Na tashi, amma ba ni ji. Majo ya ce ba ni ƙara ji. Maganarka Hasana ta hwaɗa mani da hannu. In ka kira ni ba ni waiwayowa. In ɗanka ya yi kuka sai na gani da ido. Ban riƙe ka ba, kuma ban sake ka ba. Ka yi shawara."

Sannan ta fara waƙar mai tulu.

Ba zan ɓoye muku ba, waƙar ba ta hau ba. Muryar da ke tsayar da dandali ta karkace, tana hawa inda ake sauka. Ina riƙe da hannunta, ban matsa ba, ban ja ba, na bar ta har ta kai ƙarshe. Ta tambaye ni da ido ko ta yi daidai. Wannan karon ban yi ƙarya ba, na girgiza kai. Ta ce, "To shi ji ta haka nan."

Ni na kai wa Tanko kaset ɗin ranar da zai koma, hannu da hannu. Kafin yamma Inna Rabi ta ji. Ta same ni a rijiya gaban mata.

"Kin zubar da rabonki da hannunki," ta ce. "Kuma kin ja wa yayarki abin da ba ta iya ɗauka. In ya yi shiru hwa?"

Shirun kuwa ya yi.

Tanko ya je ya dawo hannu wofi. Ya ce ya ba shi kaset ɗin, ya shiga ɗaki da shi, da ya fito idonsa ja, bai ce a gaya wa kowa komai ba. Sati ya bi sati. Barmo ya aiko da buhun albasa, ya sake aikowa, ya zo da kansa sanye da sabuwar riga ya zauna a zaure yana yi wa Saudatu ihu a kunne kamar hakan zai sa ta ji. Mutanen gari sunka fara cewa ai shiru ma amsa ce. Har Baba ya kira ni ya ce na tambaye ta.

"Ki ce ma Baba shi ba ni zuwa ruwan shuka," ta ce. "In anka yi shuka bai ce komi ba, na haƙura."

Ni kuwa a kwanakin nan ban san abin da nake roƙo ba. In na ɗaga hannu bayan salla, rabin zuciyata na cewa Allah ya kawo shi gare ta, rabi na cewa wani abu daban. Na tsani kaina. Saudatu ta rame, kullum da hantsi tana bakin zana tana kallon hanyar Buza, ko da ta san ya ce ba zai zo ba sai bayan kaka.

Ruwan ya sauka ranar wata Talata. Laraba da sassafe duk gari ya fita gona. Baba yana gaba da sungumi yana sara, Saudatu na biye da ƙwaryar iri tana zuba hatsi tana rufewa da diddige, ni ina layin kusa da ita. Ƙasa tana ƙamshi. Ba ta dube ni ba tun safe, mu duka mun san wace rana ce.

Ni na fara ganinsa. Mutum ne tafe daga wajen hanya, wando duk taɓo, jaka a kafaɗa. Tafiyar kaɗai ta ishe ni gane Attahiru ne. Baba ya tsaya, ya jingina da sungumi.

Saudatu ba ta gan shi ba, bayanta ne wajensa. Na jira ya ƙwala mata kira, kamar yadda kowa ke mantawa ya yi. Bai kira ba. Ya kewaya ta cikin layuka, ya ɓullo ta gabanta, ya tsaya inda za ta gan shi.

Ƙwaryar ta tsaya a hannunta.

Ya ajiye jaka. Ya ɗaga hannuwa. Ya nuna kansa, ya nuna ta, ya haɗa yatsa biyu ya riƙe su gam. Ya taɓa kunnensa ya yarfe hannu gefe. Sannan ya shiga wasu alamu da ban taɓa gani ba, a karkace, yana yi yana kuskurewa yana sakewa. Daga baya munka ji wani bebe mai gyaran takalmi ɗan garin Keita ya samu a Abijan, ya rufe teburin agogonsa, ya zauna gefensa kusan wata biyu yana koyo. Ya ce bai ga amfanin aiko mata da murya ba, kuma ba ya son amsarsa ta bi ta hannun kowa.

Saudatu ta waiwayo wajena, yadda ta saba, don na fassara mata. Na ɗaga hannu zan fara. Kafin na motsa yatsa ta riga ta mayar da idonta gare shi.

"Ba haka aka cewa gida ba," ta ce masa, tana dariya hawaye na bin kumatunta. Ta ajiye ƙwaryar, ta kama yatsunsa tana gyara masa.

Baba ya juya baya yana gyaran murya. Ni kuwa na sauke hannuna. Na ɗauki ƙwaryar irin da ta ajiye, na ƙarasa mata layinta.

Inna Rabi wata biyu ba ta yi wa ɗanta magana ba, amma ranar biki ita ta ɗauko tabarmar amarya. Barmo ya aiko a mayar masa da buhunansa, wofi ma yana so. Ni na sa wa Saudatu lalle. Da za a fita da ita ta tura mani wani abu cikin zane, ta ce, "Riƙe. Ke kaɗai ya yi ma amfani."

Kaset ɗin ne, Attahiru ya dawo da shi a jakarsa.

Shekara talatin da ɗaya sunka yi tare, 'ya'ya shida, kuma ba wanda ya faɗa murhu. Zare take ɗaurawa daga ƙafar jinjiri zuwa wuyan hannunta. Yanzu duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya. Ni ma na yi aurena a Azarori, na haifi nawa, ban ce an cuce ni ba.

Kaset ɗin yana ƙasan kwallata, manyeton da zai juya shi ma ya ƙare a garin. Gefe na biyu waƙarta ce da ba ta hau ba. Gefe na farko maganar da ya yi mata ce, ta teku da zane da ɗakin da zai gina. Don ita ya yi ta, amma duk duniya ni kaɗai na ji ta da kunne, kuma har yau ban manta ko kalma ɗaya ba.